Zuwa ga Sani a Monreyal

Salamu alaikum mutumina, ina wuni, ya sanyi? Ni nan Tawa ina shirin sallar isha, kai na san ko la'asar ba ku yi ba tunda awa 6 ke tsakaninmu. Muna lahiya lau alhamdulillahi.

Bidiyon Ummi ya iso, kuma wallahi portabul ɗina bai huta ba jiya a fada, daga wannan hannu sai wancan. Yarinya an naɗe ta da riga kan riga ta zama kamar buhun albasar Galmi, ta faɗi cikin dusar ƙanƙara ta kasa tashi, sai ta haƙura ta zauna tana ɗiba tana kaiwa baki, kai kuma kana ta ihu daga baya. Wurin da ta cire safar hannu ta taɓa abin da hannu tsirara ta tsaya tana kallonka kamar kai ka cuce ta, nan kowa ya ƙyalƙyale. Ka ce shirya ta ya hi wasan kansa daɗewa, na yarda, nan ma sa wa yaro hula da safe yaƙi ne.

To ka san mutanenmu. Ana cikin shayi sai aka fara, wai Sani ya tahi Kanada ya zama mai reno, madam na wurin aiki shi yana dama kunu. Ni ban yi dariya ba. Na ce masu ku duba Adar ɗin nan, daga an gama girbi maza nawa ke tahiya bida, Abijan, Libiya, Najeriya, mutum ya bar jinjiri a goye ya dawo ya iske shi yana gudu, ya miƙa hannu yaron ya ɓoye bayan uwarshi yana kuka. Ni kaina da ke gari ina hita tun da safe, in dawo na iske su Abba sun yi kwana. Kai ka san abin da ɗiyarka ke ci da abin da ke sa ta dariya, wa ya hi wani a nan? Shiru suka yi, sai mai shayi ya ce a miƙo kofi.

Abin da ya dame ni shi ne muryarka a vokal ɗin dare. Can rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4 da rabi, daga kai sai ita cikin ɗaki, ba kaka ba maƙwabciya da za ta ce kawo ta ka huta. Kada ka zauna haka don Allah. Ɗakunan karatu na unguwanni a Monreyal suna da wurin yara kuma kyauta ne, ka kai ta, ka ga mutane kai ma. In kun hita kuma ka dinga taɓa kunnuwanta da ƴan yatsu da kumatu, don a baƙar fata ba a saurin ganin inda sanyi ya kama, kuma in ya kama ba a murzawa, a hankali ake ɗumama wurin. Ka tambayi likita maganar bitamin D, ranarku ba ta isa.

Mu nan jaura ce da hazo, asuba wajen digiri 15 amma kowa ya sha rawani yana rawar ɗari, leɓen yara duk ya tsage sai man kaɗe. Na faɗa wa Inna ku kuna kaiwa 20 ƙasa da sifili, ta ce a yi maka addu'a.

Sai abu guda, a bidiyon faransanci na ji kana yi mata. Haba Sani. Tunda kai ke wuni da ita ka yi mata Hausa, faransanci zai same ta a lakwal. Inna na son aiko kilishi, na ce mata duwan ɗin Kanada ba su barin nama ya shiga, ba ta yarda ba, ka kira ta juma'a ka yi mata bayani da kanka. Ka gaida madam sosai.

Naka,
Ila