Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga 'Yar'uwar Da Ta Yi Tambaya Kan "Jini Mai Ƙarfi"

Assalamu alaikum Malama,

A taron wayar da kai kan ciwon hanta da aka yi makon jiya, kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye ni dalilin da ya sa mutum biyu za su kamu da ƙwayar cuta iri ɗaya, ɗaya ya rabu da ita, ɗayan kuma ta zauna masa, kin kuma ce ko gaskiya ne akwai masu jini mai ƙarfi da cuta ba ta kama su. Lokaci ya ƙure ban ba ki amsa mai gamsarwa ba, abin kuma ya tsaya mini a rai.

Akwai gaskiya a maganar, domin garkuwar jiki ma gadonta ake yi. Cikin ƙwayoyin gado akwai rukunin da ake kira HLA, waɗanda aikinsu shi ne su ɗauko gutsuren ƙwayar cutar da ta ɓuya cikin tantanin jiki su ɗaga shi a fili, domin fararen ƙwayoyin jini su gane abokin gaba su far masa. Kowa yana ɗaukar rabi daga uwa, rabi daga uba, kuma nau'o'insu suna da yawa ƙwarai, har ma 'yan'uwa ciki ɗaya sukan bambanta. Wani nau'in ya iya tona asirin wata cuta, wani kuma sai ta wuce shi. A 1995 an wallafa wani bincike da aka yi a Gambiya, wanda ya nuna cewa masu nau'in HLA mai suna DRB1*1302 sun fi samun nasarar kawar da ƙwayar ciwon hanta nau'in B daga jikinsu.

Misali mafi shahara yana wajen cutar ƙanjamau. A 1996 aka gano cewa wasu mutane sun gaji naƙasa a ƙwayar gado mai suna CCR5, wato ƙofar da cutar take bi ta shiga tantanin jiki. Wanda ya gaji naƙasar daga iyaye biyu, ƙofar a rufe take. Ɓargon irin wannan mutum aka dasa wa wani mai ƙanjamau, Timothy Ray Brown, a Berlin a 2007, ya kuma warke daga ƙanjamau. Sai dai kusan mutum 1 cikin 100 ne kawai ya gaje ta daga iyaye biyu a arewacin Turai, a cikinmu 'yan Afirka kuwa da ƙyar ake samunta, kuma akwai nau'in cutar da ke bin wata ƙofar dabam.

A nan ne damuwata take, Malama. Ina jin tsoron kada wani ya riƙe kalmar jini mai ƙarfi ya ƙi zuwa gwaji, alhali babu wanda ke gane HLA ɗinsa ta ƙirar jiki ko ta yawan lafiya. A ciwon hanta nau'in B ma, shekarun mutum sun fi gadonsa tasiri nesa ba kusa ba: jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, kusan kashi 90 cikin 100 cutar za ta zauna masa, babba kuwa bai kai kashi 5 ba. Saboda haka ina roƙonki ki je a gwada ki tare da mutanen gidanki, duk jaririn da aka haifa kuma a yi masa allurar rigakafin farko cikin sa'o'i 24, kada a jira ranar suna.

Wassalam.