Kamfanin da ke karɓar kuɗi da sunan gwamnati dole ya nuna mana lissafi

Assalamu alaikum Edita,

Ina sayar da hatsi a wata kasuwa da ke gefen Abuja, kuma ni ne sakataren ƙungiyarmu. Kullum da safe, tun ban kwance bakin buhun masara ba, yaron kamfani zai iso da ɗan littafin tikiti a hannu. Naira 200 kowace rumfa. Tikitin yana ɗauke da tambarin gwamnati, wanda bai biya ba kuma a ɗauke masa mudu. Shekara uku ke nan muna biya, amma kwalbatin bayan layinmu a toshe yake. Daminar bana ruwa ya shigo cikin dare, buhu shida na gerona suka yi tsiro, sai masu kiwo na sayar wa a wulaƙance.

Shi ya sa muka rubuta wa kamfanin takarda muna tambayar nawa suke tarawa, nawa suke miƙa wa gwamnati, kuma gyaran kwalbati a wuyan wa yake. Manajan ko zama bai ba mu ba. Ya ce, "Alhaji, mu kamfani ne mai zaman kansa, ku je ku tambayi gwamnati." Da muka je ofishin da ya ba su kwangilar, aka ce takardun suna hannun kamfani.

Ɗan ƙanena da ke karatun lauya ne ya buɗe mini ido. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011, ba ta tsaya kan ma'aikatu kaɗai ba. Sashe na 2(7) ya lissafa kamfanoni masu zaman kansu a cikin hukumomin jama'a, muddin suna amfani da kuɗin jama'a, ko suna yi wa jama'a hidima, ko suna yin aikin da na gwamnati ne. Sashe na 31 ya sake nanata haka. Abin da dokar ke dubawa shi ne irin aikin da kake yi. To in karɓar kuɗin shiga da tambarin gwamnati ba aikin gwamnati ba ne, wane aiki ne nata?

Dokar ta ba su kwana 7 su amsa, ba ta kuma ce sai mun faɗi dalilin tambayarmu ba. In aka tabbatar an hana bayani ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar naira 500,000. Na san sashe na 15 ya kare sirrin kasuwanci, kuma na yarda da hakan, don ni ma ba na gaya wa maƙwabcina inda nake saro wake. Amma kuɗin da aka karɓa daga hannuna da sunan gwamnati ba sirrin kowa ba ne.

Roƙona ga hukumomin Abuja shi ne duk kwangilar da za su ba kamfani, ta kwasar shara ce ko ta tasha ko ta kasuwa, a rubuta sharaɗin ba jama'a bayani ƙarara a ciki. Ku kuma, Edita, don Allah ku buga waɗannan sassa da Hausa, domin yawancin 'yan layinmu ba su taɓa jin labarin dokar ba.

Mun sake kai takarda ranar Litinin, wannan karon da lambar sashen a samanta, mun kuma sa an buga mana hatimi a kwafinmu. In kwana 7 suka cika shiru, doka ta ba mu kwana 30 mu garzaya kotu, kuma mun fara karo-karon kuɗin lauya.

Naku,
Sakataren ƙungiyar masu hatsi,
Abuja