Gaisuwar Babbar Sallah daga Balat

Balat, Istanbul
10 ga Zulhajji 1446, 6 ga Yuni 2025

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadarmu da layyarmu, ya maimaita mana, ya dawo da alhazanmu gida lafiya. Ni da maman yara da jikokinku duk muna nan ƙalau, sai kewar gida da takan fi ciwo a rana irin ta yau.

Mun riga ku da awa biyu, don haka lokacin da muka tayar da sallar idi, ƙarfe shida da 'yan mintuna, ku ko kiran assalatu ba a yi muku ba. A nan ba a fita fili, a masallatai ake yi. Ni da babban yaron nan tun da duhu muka bi bakin ruwa a ƙafa har Masallacin Eyup, inda kabarin Sayyidina Abu Ayyubal Ansari yake, Allah ya ƙara masa yarda. Baba, ka tuna kai ka fara ba mu labarinsa a zaure muna yara: yadda raƙumar Manzon Allah (SAW) ta durƙusa a ƙofar gidansa a Madina, da yadda ruwa ya zube a ɗakin sama cikin dare, shi da matarsa suka tsane shi da mayafinsu don kada ya ɗiga wa Baƙonsu da ke ƙasa. Ban taɓa zaton zan zauna inda ƙafa ke kai ni wurinsa cikin rabin awa ba. Bayan Sarki Muhammadul Fatih ya ci garin a 1453 aka gina masa masallaci, kuma har yau ba ka raba wurin da cunkoso. A kan dutsen farfajiya muka samu sahu, da kyar.

Inna, kin ce matan unguwa sun ga hoton da maman yara ta tura, na layin nan mai gidaje kala-kala, suna ta cewa Allah ya yi mana arziki. Alhamdu lillahi, ba mu raina ba. Amma wancan layin ba namu ba ne. Kiremit sunansa, can ne 'yan yawon buɗe ido ke bin layi suna ɗaukar hoto. Namu yana bayansa, a gangare, fentinsa ya daɗe da zubewa. Kuma tunda Auta ya dame ku da maganar zuwa ya zauna wurina, gara in kwatanta muku gidan yadda yake, a karanta masa.

Balat tsohuwar unguwa ce a bakin wani hannun teku da ya kutso cikin gari, Turkawa na ce masa Halic. Yahudawan da aka koro daga Andalus a 1492 nan da yawansu suka sauka, Girkawa kuma suna maƙwabciyarta Fener, inda har yanzu fadar babban limamin cocinsu take, da wata jar makaranta ta bulo a kan tudu da baƙo kan ɗauka gidan sarki ne. A bakin ruwa akwai cocin Bulgeriyawa da aka haɗa da zallan ƙarfe, aka gama a 1898. Masu waɗannan gine-gine galibinsu sun watse a hankali, wasu Isra'ila, wasu Girka, talakawa daga ƙauyukan Anadolu, wato ɓangaren Turkiyya da ke Asiya, suka gaje gidajen. Tsohuwar da muke haya a wurinta tana cikinsu. Ta ce da tana amarya ba a iya buɗe taga saboda ɗoyin ruwan, don masana'antu da mayanka duk ciki suke zubar da ƙazanta, sai a shekarun 1980 aka fara kwashe su. Yanzu wurin ya zama lambu, ga masu kamun kifi da ƙugiya, ga jirgin ruwa na haya, ga taram, wato jirgin ƙasa na cikin gari, da aka buɗe a 2021 yana bi ta gefen ruwa.

Gidan siriri ne kamar an matse shi tsakanin 'yan'uwansa, hawa uku, kowane hawa ɗaki biyu. Tsohuwar tana sama, mu muna tsakiya. Matakalar katako ce, mutum biyu ba sa giftawa a kanta, kuma kowace ƙafa da kukan da take yi, har na san wadda zan tsallake idan na dawo cikin dare. Ranar da muka tare, firji ta taga aka ja shi da igiya. Akwai wani ɗan lungu na falon da ya turo kai waje bisa titi, da taga ta gefe uku. Nan ne duk daɗin gidan yake. Idan ka zauna ka karkata hagu, kana hango yankin ruwa tsakanin rufin gidaje biyu, bai fi faɗin tabarma ba, amma saboda shi dillali ya ce gidan mai kallon teku ne, ya ƙara kuɗi.

Abin da hoto ba ya ɗauka shi ne danshi. Mu da muka tashi inda hunturu ke fasa dunduniya, ban san bango na yin gumi ba sai a nan. Daga Nuwamba zuwa Maris kullum maman yara tana goge baƙar fumfuna a bayan kabad. Babbar rigar da ka ba ni, Baba, mai aska takwas, na ciro ta jiya na tarar duk ta yi tabo, sai da muka kwana muna fama da ita. Bara kuma bututun banɗakin sama ya fashe, ruwa ya yi ta ɗiga a kan gadon yara. Tsohuwar nan, da ciwon gwiwarta, ta durƙusa tana tsane shi da bargo tana ba mu haƙuri ta cikin rufi. Wallahi labarin zaure ne ya faɗo mini, na rasa dariya zan yi ko kuka. Gyaran kuwa ya ci wata biyu, don gidan yana cikin waɗanda hukuma ta yi wa rajistar kayan tarihi, babban aiki ba ya yiwuwa sai da izini.

Sai girgizar ƙasa. Ban faɗa muku gaskiyar ta ranar 23 ga Afrilu ba, mai ƙarfin 6.2, don kada hankalin Inna ya tashi. Gidan ya yi rawa, kwanuka suka zubo, muka kwana biyu a lambun bakin ruwa tare da rabin unguwa. Ba abin da ya same mu, amma tsagar da ke bangon kicin ta ƙara tsawo.

Na san za ku ce to me ya hana mu tashi? Abu biyu ne. Na farko kuɗi. A 2019 na kama gidan: na biya dillali la'adar wata ɗaya, na ajiye kuɗin jingina na wata biyu, wanda doka ta ce kada ya wuce na wata uku. Daga nan tsadar kaya ta haukace, har ta haura kashi 85 cikin ɗari a ƙarshen 2022. Gwamnati ta ƙayyade ƙarin kuɗin haya kada ya wuce kashi 25 a shekara, daga Yunin 2022 zuwa Yulin 2024, wannan ya sa mu tsofaffin 'yan haya muka tsira da sauƙi, sababbi kuma suka ji a jikinsu. Wanda ya kama irin namu a gidan da ke kallonmu bana, abin da yake biya ya ninka nawa fiye da biyu, ya kuma wuce mafi ƙarancin albashin ƙasar na 2025, lira 22,104. Na biyu takarda. Tun farkon 2021 aka rufe gundumar Fatih, wadda Balat ke cikinta, ga baƙon da ke neman sabon izinin zama. Ni da na riga na shiga ina sabunta nawa a kan wannan adireshi. Idan na saki, komawa ba tabbas, ga shi aikina na tafinta da haɗa kayan 'yan kasuwarmu a Laleli, unguwar da ake saro kaya, nan kusa yake. Shi ya sa Auta ko ya zo, ba zan iya rubuta shi a gidan ba. Ya yi haƙuri ya gama karatunsa, ya nemi gurbin jami'a ta hanyar da ta dace, ni zan taya shi cike takardu. Kada ya ba wani ejan ko sisi.

Ɗan tsohuwar dai ba ya ƙaunar zamanmu. So yake ya mayar da gidan masaukin baƙi na kwana-kwana, kamar yadda rabin layin ya koma, ko ya ba masu gidan shayi. Da muka cika shekara biyar doka ta ba su damar neman a sake yanke kuɗin haya, sai ya kai ni gaban mai sulhu, wanda yanzu dole a fara bi ta wurinsa kafin kotu. Na ƙara abin da na ƙara, har ya taɓa abin da nake turo muku, kun ga dalilin raguwarsa tun azumi. Ya kuma kawo wata takarda wai in sa hannu zan fita ranar da ba a rubuta ba. Na ƙi. Uwarsa ce ta leƙo daga sama ta ce muddin tana numfashi ba mai fitar da jikokinta. Haka take kiran yaran. Kullum da safe takan zuro kwando da igiya ta taga, su karɓi kuɗin ciki su sayo mata burodi a kanti, ta ja abinta sama, canjin kuma nasu ne. Allah ya ja kwananta, ku sa ta a addu'a.

Layya a nan ba a yi a ƙofar gida, akwai wuraren da hukuma ta ware, wanda ya yanka a titi tara ce. Mu bakwai muka yi watandar sa, ni da 'yan Kano biyu, da mutumin Damagaram, da Turkawa uku na wurin aikinmu. Da azahar na dawo da kasona a leda, ba fata, ba kai, ba ƙafa, ba hayaƙin babbaka. Yara sun hau sama sun sumbaci hannun tsohuwar sun ɗora a goshi, yadda ake yi a nan, ta zuba musu turare a tafi ta cika musu aljihu da alewa. Yanzu maman yara tana suya da taga a buɗe, magen unguwa sun taru a ƙasa, tsuntsayen teku suna ta kewaya rufi.

Na tura wa Yaya kuɗin goron Sallah, a raba wa yara, a ba Gwaggo nata daban. Inna, akwai wata Hajiya da za ta taso saro kaya bayan sati biyu, Yaya ya san ta. Don Allah a ba ta yaji da daddawa da kuka, in da hali har da soyayyen naman ragon Baba, ko kaɗan ne. A naɗe su sosai a leda biyu, don danshin nan ba ya barin komai. Gobe in an fita kallon hawan Daushe, Auta ya ɗauko mini bidiyo, yaran nan ba su taɓa ganin doki da kwalliya ba.

A gaida Kawu da iyalinsa, da Liman, da duk mutanen layi.

Wassalam,
Ɗanku