Sanarwa game da keɓantaccen ma'aji a sabar ofis

Assalamu alaikum, ƴan uwa abokan aiki na ofishinmu na Maraɗi.

Muna sanar da ku cewa an buɗe wa mai kula da lissafin kuɗi keɓantaccen wurin ajiyar fayiloli a sabar ofis, wato babbar kwamfutar da muke ajiye fayiloli a cikinta, domin takardun albashi bai kamata su ci gaba da zama a ma'ajin da kowa ke shiga ba. Sabar tamu tana aiki da tsarin Linux, kuma ta hanyar manhajar Samba kwamfutocinmu masu Windows suke isa gare ta, saboda haka aka yi wa mai kula da lissafin kuɗin asusu da kalmar sirri tasa, aka sanya wa jakar fayilolin nasa izinin 700, wato mai ita kaɗai ke iya buɗewa, karantawa da rubutawa. Wanda ya ga an hana shi shiga, kada ya ɗauka matsala ce, da gangan aka yi.

Sai dai a sani, mai kula da sabar yana da ikon ganin abin da ke ciki, don haka takardar da ta fi muhimmanci a kulle ta da kalmar sirri ta dabam. Ma'ajin yana cikin kwafin ajiya na kowane dare, saboda yawan ɗaukewar wuta.

Don Allah kada a nemi aron kalmar sirrin mai kula da lissafin kuɗin.