Ba Zamani Ne Ya Tashi Mutanen St Kilda Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na saurari shirinku na daren Lahadi a kan tsibirin St Kilda na Sikotland, wanda aka kwashe mutanensa a 1930, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Sau uku na ƙirga, mai gabatarwa yana maimaita cewa zamani ne ya tashi garin, wai matasa sun hango daɗin birni sai suka tsere. Wane zamani? Zamani ne yake hana jirgi zuwa? Shi ne yake janye ma'aikata?

Shekara 14 na yi ina koyarwa a makarantar wani ɗan ƙauye, kuma a kan idona ya mutu. Lokacin da aka tura ni na tarar da azuzuwa cike, har wasu yaran na zama a ƙasa. Da aka zo yin sabuwar hanya sai aka bi da ita ta wani wajen. Direbobi suka daina shigowa. Aka yi wa ma'aikaciyar jinyarmu canjin wurin aiki, ba a kawo wata ba. A daminar da ta biyo baya, mahaifiyar wata ɗalibata ta rasu a hanya tana naƙuda, ana neman abin da za a ɗauke ta da shi. Bayan wannan rasuwa ne gidaje suka fara tashi, ɗaya bayan ɗaya. Ba zan manta da wani dattijo da ya zo karɓar takardar canjin makaranta ta jikokinsa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana share hawaye da hannun riga, ya ce da ni kaburburan iyayensa na nan, gonarsa na nan, amma ba zai zauna ya ga an sake yin irin waccan mutuwar a gidansa ba. Wannan mutumin ne za ku ce kwaɗayin birni ya ɗauke shi? Daga ƙarshe aka ce yara sun yi kaɗan, a haɗe mu da wata makaranta mai nisa. Ni na rufe ƙofar da hannuna, na kai makulli ofis. Waɗanda suka rage saboda karatun 'ya'yansu, su ma ba su ƙara shekara ba.

Shi ya sa da na ji labarin St Kilda na gane shi tun kafin a kai ƙarshe. Mutanen nan sun yi ɗaruruwan shekaru a kan dutse a tsakiyar teku, wajen kilomita 64 yamma da tsibirin North Uist na Sikotland. A ƙarshen ƙarni na 17 sun kai kusan mutum 180. Agana ta kusan ƙarar da su a 1727, garin bai tashi ba. A 1852 mutum 36 suka yi ƙaura zuwa Ostireliya, da yawa suka mutu a tafiyar, garin bai tashi ba. Ciwon tetanus ya yi ta kashe musu jarirai cikin kwanakin farko na haihuwa, suka binne, suka zauna. Mutanen da suka jure wa wannan ba ragwaye ba ne, ranka ya daɗe.

Abin da shirinku ya tsallake shi ne yadda aka bar su. Jiragen fasinja da bazarar can kawai suke zuwa. In hunturu ya shiga, sai dai su jira wani jirgin kamun kifi ya ratso ya taimaka. Har ta kai suna sa wasiƙa cikin ɗan akwatin katako, su ɗaura masa mafitsarar tunkiya da aka hura, su jefa a teku da fatan igiyar ruwa ta kai ta gaɓa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojan ruwan Birtaniya suka kafa tashar sadarwa a can, mutane suka ɗanɗani samun labari kullum da zuwan kaya a kai a kai. Yaƙi na ƙarewa aka kwashe komai. A 1920 su 73 ne, zuwa 1928 sun koma 37. Mura ta kashe maza huɗu a 1926. Takardar da suka aika wa gwamnati a watan Mayun 1930 ba ta zancen son birni ba ce. Kukansu shi ne babu isassun maza masu ƙarfi da za su kula da tumaki, su yi saƙa, su riƙe zawarawa. Ranar 29 ga Agusta, 1930 aka kwashe mutum 36 na ƙarshe, aka kai yawancinsu ƙauyen Lochaline da ke babban yankin Sikotland aka ba mazan aikin gandun daji, alhali tsibirinsu ko itace ɗaya ba ya da shi.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. A 1957 da soja suka buƙaci wurin don kafa na'urar bin sawun makamai masu linzami, nan da nan aka yi hanya, aka kai injin wuta, aka tsara jigila. Ashe wurin yana kaiwuwa. Wannan ko kalma ɗaya ba ku ce a kai ba, kuka ɓata minti biyar wajen yabon tsuntsayen teku da yadda masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoton kangaye. Waɗannan kangayen ɗakunan mutane ne, a ciki aka haife su.

Ina roƙonku ku sake shirin, ku nemo wanda ya taɓa zama a garin da ya tashi ya yi magana da bakinsa, ko da minti biyu ne.

Sannan don Allah a ja kunnen masu haɗa sauti. Kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin magana ya yi ƙarfi ƙwarai, musamman a shirye-shiryen dare. Mu da kunnenmu ya fara nauyi sai mun manna rediyo a kunne, kuma duk da haka rabin lambobin da ake faɗa ba ma ji. Wannan ne karo na biyu da nake rubuto muku a kan haka.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
wani tsohon malamin makaranta