Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu kan ɗigar baƙin mai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da 'yan'uwanmu masu tsofaffin motoci a Jidda da Makka, muna rubuto muku ne saboda ƙorafin da ya yawaita tun bayan Babbar Sallah, cewa wasu motocin da muka yi wa aiki suna ɗigar da baƙin mai ta gindin distirbuta, wato na'urar da ke raba wuta ga fulogogi. Abin ya dame mu ƙwarai, musamman da yake a bakin mutane muka fara jin labarin kafin masu motocin su zo mana da shi.

A injin Chevrolet 350 na Caprice da Suburban, distirbuta tana can bayan inji, ƙafarta ce ke juya famfon mai, kuma wani siririn gasket na takarda ne ke tare man a gindinta. A Hilux mai injin 22R kuwa zoben roba ne. Dillalin da muka daɗe muna sayen gasket da zoben a hannunsa ya sauya inda yake saro kayan ba tare da ya sanar da mu ba, yana kafa hujja da jinkirin jiragen ruwa a Bahar Maliya. Kwali bai canza ba, kuɗi bai ragu ba, ga harajin kashi 15 cikin 100 da muke biya a kai, amma takardar ba ta da kauri, robar kuma tana ƙandarewa idan zafin inji ya haɗu da ranar da ta haura digiri 40. Ba abu ba ne da ido zai gane ranar ɗaurawa.

Ya kamata kuma a sani cewa ba kowace ɗiga ce daga wurinmu ba. Idan bawul ɗin da inji ke numfashi da shi ya toshe, ko sabon gasket aka sa sai mai ya fito. Muna roƙo kada kowa ya yarda a sauke masa giyabos kafin a duba gindin distirbuta, domin a injin Chevrolet man yakan gangara ta baya ya yi kama da ɗigar bayan kuranshaf, wadda gyaranta ke sa a sauke giyabos.

Muna kan magana da dillalin, muna kuma duba abin da ya dace mu yi. Duk wanda ya ga alamar mai a ƙasa ya kawo motar mu gani.

A cikinku akwai waɗanda marigayi mahaifinmu ya riƙa yi wa gyara, yanzu 'ya'yansu ke kawo mana motocin. Ba mu manta ba, kuma ba mu taɓa sa muku abin da muka san ba shi da kyau ba. Mun gode, Allah Ya bar zumunci.

Wassalam,
Masu gareji da ma'aikatansu, Jidda