A Koya Wa Matasa Haɗa Kiɗan Hannu Da Na Kwamfuta

Ranka ya daɗe Edita,

Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini. Matasanmu masu tsara kiɗa sun ƙware a situdiyo, amma kaɗan ne suka iya ɗora kwamfuta a kan dandamali tana amsa wa makaɗi nan take. Wannan fanni ne da ake zama a koya.

A Faransa, cibiyar binciken kiɗa da sauti ta IRCAM da mai tsara kiɗa Pierre Boulez ya buɗe a Paris a 1977 tana ɗaukar kimanin mutum 10 duk shekara a kwas ɗinta mai suna Cursus. A ƙarshe kowane ɗalibi yakan gabatar da kiɗansa a bainar jama'a. Akwai kuma Cibiyar Sonology ta nazarin sauti a birnin Hague na ƙasar Holan. Wasu daga cikin irin waɗannan wurare, kafin su ɗauki ɗalibi, suna neman kiɗan da aka rubuta a takarda tare da wanda aka naɗa, kuma a nan namu suke makalewa, domin yawancinsu da kunne suka koya.

To amma ba sai an jira biza ba. Manhajar Pure Data, wadda ake sarrafa sauti nan take da ita, kyauta ce. A samu kwamfuta, da akwatin sauti mai shiga biyu (na'urar da ke haɗa makirfo da kwamfuta), da makirfo, da lasifika biyu. Abin farko da za a koya shi ne jinkirin sauti. A gudun 48,000 (yawan gutsuren sautin da kwamfuta take ɗauka a sakan ɗaya), in aka sa bafa (yawan gutsuren da take tarawa kafin ta sarrafa su) a 128, jinkirin bai kai milisakan 3 ba, wato kashi 3 cikin dubu na sakan. In aka kai 1024, ya haura 21, kuma shiga da fita suna ninka shi. Nan take hannun mai kalangu zai rikice, don yana jin bugunsa a makare. Sai kukan lasifika: in tana bayan makaɗi tana fuskantar makirfo, sauti ya riƙa zagayawa har ya zama ƙara mai huda kunne. A sa ta gaba, ko a liƙa ƙaramin makirfo a jikin ƙwaryar goge. Gurnanin janareta kuwa, sau da yawa cire cajar kwamfuta a koma batir yana kashe shi.

Muna kira ga jami'o'inmu da masu situdiyo a Kano da Kaduna su shirya bita ta mako biyu, ɗalibi 8 kacal, da makaɗin gargajiya a ɗakin tun ranar farko, a kuma biya shi haƙƙinsa kamar kowane malami.

Naku,
Wasu malaman kiɗa, Kano